Antibayotik ko Bairas Mai Cin Bakteriya

Antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, yana da araha kuma yana aiki da sauri, amma ba ya tantancewa, domin yakan kashe har bakteriya masu amfani a hanji, abin da kan jawo gudawa.

Bairas mai cin bakteriya kuwa, wanda hanjinmu ke cike da irinsa, nau'i guda yake farauta, ya kutsa cikinsa, ya hayayyafa har ƙwayar ta fashe. Cibiyar bincike ta Eliava da ke ƙasar Jojiya, wadda aka kafa a 1923, ta daɗe tana magani da shi. Sai dai galibi sai an fara gano ainihin bakteriyar a ɗakin gwaji, kuma garkuwar jiki takan iya share shi daga jini kafin ya kammala aikinsa, shi ya sa a ganina ya fi dacewa da cutar da ta gagari antibayotik.