Bayan bukukuwa: fura da nono ko kwaɗon zogale?

Biki uku na halarta cikin mako biyu, daga unguwar Mabera zuwa Runjin Sambo a Sakkwato. Masa, dafa-duka mai ninƙaya a mai, soyayyen naman rago, ga lemun kwalba ana ta turo wa mutum. Da zane ya fara ƙin ɗauruwa, sai na ce abincin dare zai koma ɗayan biyu: fura da nono, ko kwaɗon zogale.

Fura ba ta da wahala. A zafin Sakkwato, da yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ba abin da ya kai ta sanyaya rai, kuma gero na riƙe ciki har safe. Matsalar tana cikin gwangwanin sukari. Ƙaramin cokali ɗaya kusan giram 4 ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini. Ni da nake zuba biyar a kwano ɗaya, wane rage ƙiba nake yi? Furar ma kanta hatsi ce, dunƙule uku sun kusa malmalar tuwo.

Zogale kuwa sai ka je Kasuwar Daji, ka tsince, ka wanke, ka dafa. Da albasa, tumatir da ɗan ƙuliƙuli, sai ka cika faranti ciki bai yi nauyi ba. Amma ƙarfe 11 na dare yunwa kan dawo.

Inna ta leƙa kwanona ta ce, "Ke ɗiyata, akuya kika koma?" Na dai zaɓi zogalen, furar kuma na mayar da ita rana, sukari cokali ɗaya.