Gindin Babban Yatsa: A Cire Ƙashi Ko A Haɗe Gaɓa?

Masu amosanin gaɓa a gindin babban yatsa na yawan wannan tambaya idan magani ya gaza. Gaɓar siffar sirdi gare ta, shi ya sa yatsan ke lanƙwasawa, ya buɗe, har ya taɓo ƙaramin yatsa.

Idan an yi tiyata an cire ƙashin tarafiziyam, wato ɗan ƙashin wuyan hannu da babban yatsa ke zaune a kai, zafi kan lafa kuma motsi na nan, amma ƙarfin damƙa na ɗan raguwa. Warkewa kan ɗauki wata 3 zuwa 6. Haɗewa da ƙarfe, wato a manne ƙasusuwan gaɓar su zama ɗaya, tana barin yatsan da ƙarfinsa, sai dai tafin hannu ba zai shimfiɗu sosai ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙashin na iya ƙin haɗuwa, musamman ga mai shan taba.

Dattijo mai ɗinki ko rubutu, cirewa ta fi dacewa da shi. Matashin maƙeri ko birkila kuwa, haɗewa.