Shagon kifin ado na wajen Wunti da duwatsun tekuna

In kana Bauchi kuma ka sayi duwatsun teku na hannu don tankin kifin ruwan gishiri, akwai wani ƙaramin shagon kifin ado a wajen Wunti da zan iya tura ka a raba su da gansakuka. Amma ka je da gishirinka da kayan gwajin fosfet, sinadarin da ke zama taki ga gansakuka, kuma ka bar gaggawa a gida.

Nawa daga Abuja suka zo. Wani ne ya rushe tankinsa zai tashi, ya sayar min da araha, aka ɗoro su a mota cikin kula mai riƙe sanyi an lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul. Ga wanda bai sani ba, ba irin duwatsun da suka kewaye garin nan ba ne. Ƙashin murjani ne da ya mutu, ba nauyi, duk jikinsa ramuka. A ramukan nan ƙwayoyin bakteriya suke zaune, su ke juya amoniyar kashin kifi mai guba zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret mai sauƙin illa, kuma saboda su ake biyan kuɗin. Sai dai nawa sun iso da koren gansakuka mai gashi, tsawon ɗan yatsa, ga wasu korayen ƙwallaye masu sheƙi a lunguna.

Duk wanda na tambaya, shawara ɗaya: a tsoma su a bilic a shanya. Mai shagon matashi ne, kifin ruwan daɗi yake sayarwa, amma ya taɓa zama yaron shago a Legas inda ake harkar na teku. Ya ɗaga dutse ɗaya ya shinshina, ya ce, "Alhaji, bilic zai ba ka dutse fari tas, amma gawa za ka ɗauka. In fari kake so, me ya kai ka sayen mai rai?" A nan na yarda na bar masa su.

Da hannu ya fara. Ya zauna a bakin baho mai ruwan gishiri yana tsige gashin da yatsa, sannan ya bi da sabon buroshin haƙori, yana ɗauraye kowane dutse a wani bokiti daban don kada abin da ya kankare ya koma. Ƙwallayen nan kuwa da bakin ƙaramar wuƙa ya riƙa ɓamɓaro su ɗungum, ya ce in suka fashe a ruwa irinsu ne zai bazu. Inda gansakukar ta kafe a rami, sai ya fitar da dutsen daga ruwa, ya ɗiga masa haidurojin ɗin wanke ciwo na kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, da sirinji. Ya bar shi yana kumfa 'yan mintuna, ya ɗauraye. Washegari wurin ya yi fari.

Babban aikin a duhu aka yi shi. Ya jera duwatsun a cikin duron roba mai lita 200, ya cika da ruwan gishiri, ya sa famfo yana juya ruwan dare da rana, ya rufe ruf. Gansakuka ba ta rayuwa ba haske, su kuwa bakteriyar iska suke buƙata. Ga dalilin da ya sa abin ke cin makonni: dutsen da ya daɗe a tankin da ake cika wa kifi abinci yakan sha fosfet ya riƙe a jikinsa, in ya samu ruwa mai tsabta sai ya riƙa sakin shi a hankali. Fosfet kuwa taki ne ga gansakuka. Ko ka goge dutsen ya yi ƙal, muddin takin na ciki, da ya ga fitila za ta dawo. Saboda haka duk mako yake zubar da ruwan duron, ya kwashe dattin da ya kwanta a ƙasa, ya haɗa sabo.

Sabon ruwan nan shi ne cin kuɗin. Ruwan teku gishiri giram 35 ne a kowace lita, wato cika duron sau ɗaya ya kai kilo 7, kuma gishirin miya ba ya yi, sai na tanki mai kalsiyam da magniziyam, wanda ni na yi odarsa daga Legas. Ruwan burtsatse ma bai yarda da shi ba, daga wata masana'antar fiya wata yake sayo tataccen ruwa a jarka. Shagon na da sola da batir, famfon bai tsaya ba ko da aka ɗauke wuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in ruwan ya kwana ba motsi, warin ruɓaɓɓen ƙwai za ka tarar da safe. Zafin Afrilu ma ya yi masa dabara: duwatsun sun fi son digiri 25 zuwa 27, sai ya ɗan ɗaga murfin da dare ya kunna fanka a kan ruwan, abin da ya ƙafe ya cike da ruwa mara gishiri.

Inda ya gaza kuma zan faɗa. Yana da abin auna gishiri, amma ba shi da na fosfet. Da ido da hanci yake cewa dutse ya yi, alhali fosfet ba shi da launi ba shi da wari. Ranar da ya kira ni in zo in ɗauka, na gwada ruwan da nawa, fosfet ɗin ya haura yadda ake so nesa, dole muka ƙara lokaci, shi ma ya ƙara kuɗi. Bai kuma gaya min tun farko cewa shunayyar gansakukar nan mai tauri, wadda ake so a jikin dutse, za ta koɗe a duhu ba. Ta koɗe sosai, yanzu take dawowa ɗigo-ɗigo. Waya kuma sai ka kira ka gaji, gara ka taka ka je.

Gaba ɗaya, har da gishiri, na kashe fiye da kuɗin da na sayi duwatsun. Tun da suka shiga tanki gashin bai dawo ba, sai ƙwallo ɗaya da na cire da hantsaki. In duwatsunka kaɗan ne kuma kana da wuta tsayayya, babban bokiti mai murfi zai yi maka aikin a gida. In sun kai cikin kula biyu, kai masa, amma ku yi ciniki a kan sakamakon gwaji, ba a kan mako ba.