Kamfanin da ya gyara mana kondo a Toronto: akwai tsada, amma sun san takarda

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar. Sunansu kam ba zan sa ba tunda akwai inda zan ɗan caccake su, ƙaramin kamfani ne na ƴan kwangila a yankin Scarborough na Toronto kuma aikin kondo kawai suke yi, wato irin gidan da kowa ke mallakar nasa sashen a cikin babban gini na haɗaka. Kicin suka sake mana gaba ɗaya, suka cire kafet ɗin falo suka shimfiɗa katako, sai tayil a banɗaki.

Farashinsu ya fi na sauran da muka kira nesa ba kusa ba, ga harajin HST kashi 13 a sama, har uwargida ta ce mu ɗauki wani mai sauƙi da aka yi mana kwatance, kash ake biyansa ba rasit. To abin da ya sa na tsaya a kansu, ranar farko mutumin nasu ko tef ɗin awo bai ciro ba ya ce in ba shi takardun ginin, wato sanarwar kafa shi da dokokin cikin gida. Ya zauna ya karanta kan yana jan layi da biro. Shi ya nuna min cewa baranda da tagogi da ƙofar shigowa duk ba nawa ba ne ni kaɗai, kayan haɗaka ne na duk masu ginin, ni dai izinin amfani gare ni. Dama muna da niyyar sa tayil a barandar, ya ce Alhaji wannan ya faɗa ƙarƙashin sashe na 98 na dokar kondo ta Ontario ta 1998, sai kwamitin ginin ya amince, a rubuta yarjejeniya a yi mata rajista kan takardar mallakar gidan, kuɗin lauya kuma daga aljihunka. Muka haƙura da baranda.

Takardun da manajan gini ya nema kuwa su suka haɗa komai wlh, inshorarsu ta dala miliyan 2, shaidar WSIB wadda ke nuna in ma'aikaci ya ji rauni akwai mai ɗaukar nauyinsa, zanen aikin, da takardar wannan shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin katako don kar takun ƙafa ya dami na ƙasa. Nan fa aka sha daga don manajan ya ƙi wadda suka fara kawowa wai ba ta kai ƙa'idar ginin ba, suka canza da mai kauri ba tare da sun ƙara min ko sisi ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, tun 2022 ƙarar hayaniya tsakanin maƙwabta tana zuwa kotun kondo ta CAT wadda ta intanet ake yinta, mutum yana zaune a falonsa zai maka ka.

Wayarin ma mai lasisi suka kawo, ya shigar da sanarwa wajen hukumar ESA mai kula da tsaron aikin wutar lantarki, sufeto ya zo ya duba kafin a rufe bango, takardar shaidar tana hannuna. Bangon da ke tsakanin kicin da falo da nake son a rushe suka ce a'a, akwai bututun ruwa na bene gaba ɗaya a ciki, ko da za a taɓa sai injiniya da famit ɗin birni. Na ji haushi gsky don dalilinsa na fara maganar gyaran ma.

Yanzu inda suka gaza. Jinkiri, kai jama'a jinkiri! Wani na ginin ne, don dokar birni ta yarda a yi ƙarar aiki daga 7 na safe zuwa 7 na yamma a ranakun aiki amma namu ginin ya matse lokacin kuma ya hana ƙarshen mako sam, sannan lif ɗin kaya sai an kama lokaci tun da wuri an ajiye kuɗin jingina. Amma wani nasu ne tsaf, sun manta ba su kama lokacin kashe ruwa ba, mai famfo ya zo ya juya, muka ci gaba da wanke kwanuka a bahon wanka da yara suna dariya. Waya kuma sai ka kira ka gaji, tes kawai suke amsawa. Ƙura ma sun bar ta a koridon waje har mai shara ta yi ƙorafi, Allah ya taimaka ba a taɓa kuɗin jinginar ba.

Da aka gama na riƙe kashi 10 na kuɗinsu har kwana 60 kamar yadda dokar gine-gine ta Ontario ta tanada, saboda in ba su biya wani ƙaramin ɗan kwangila ba kan gidana zai ɗora bashin. Ko gardama ba su yi ba, su da kansu suka rubuta shi a kwangilar. Suka kuma tuna min in kira kamfanin inshorata in ƙara sabon kicin ɗin, tunda ta ginin ba ta biyan abin da mai gida ya ƙara da kansa. Wata ƙofar kabad ɗaya ta ɗan karkace, sun zo sun daidaita ta kafin in saki ragowar kuɗin.