Imidifikater a ƙarshen bazarar Yamai: a wane gida take aiki, har zuwa yaushe

Daga watan Maris, da zafi ya fara kankama, masu shagunan kayan lantarki na Babbar Kasuwa da Wadata sukan fito da imidifikater su jera bakin ƙofa, wato na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa, wadda wasu ke kira eya-kula. A Afrilu ba ta buƙatar talla. Mai shawara a gabansa shi ne wanda ya kai tsakiyar Mayu bai saya ba, ko wanda ke shirin tashi zuwa wani gidan haya kafin ruwa ya sauka. Ya saya yanzu ko ya dakata? A ganinmu na'ura ce mai kyau ƙwarai, ta kuma cancanci kuɗinta, sai dai aikinta na wata uku zuwa huɗu ne a shekara, kuma rabin amfaninta yana ga ɗakin da aka sa ta.

Cikinta babu wani abin mamaki. Tanki ne a ƙasa, da ƙaramin famfo da ke tura ruwa sama ta siririn tiyo, ruwan ya gangaro ya jiƙa kwalin nan mai ramuka kamar saƙar zuma da ke baya da gefuna, fanka kuma ta jawo iska ta cikinsa. Ruwan da ya bi iska shi ke tafiya da zafin, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwan sha. Don haka busasshiyar iska take so. Ranar da zafi ya kai digiri 42, laimar iska kuma ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba, kamar yadda ake gani a Afrilu, na'ura mai kwali mai kauri tana iya fitar da iska mai digiri 27 ko 28. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga jariri, ga tsoho, ga mai hawan jini.

Amma da iskar kudu maso yamma ta fara shigowa a Mayu, lissafin ya canza. Rana mai digiri 38 da laima kashi 45, abin da za ta ba ka bai wuce 30 ko 31 ba, kuma iska ce mai nauyi, mai manne wa jiki. Da damina ta zauna a Yuli da Agusta, digiri biyu ko uku kawai take ragewa, ta ƙara wa ɗaki danshi, zufa ta ƙi bushewa, katifa da tufafin cikin akwati su fara warin ruma. Daga nan sai a kashe famfon a bar ta tana aikin fanka. Mai saye a ƙarshen Mayu ya sani cewa sati uku ko huɗu ne suka rage masa a bana, sai ɗan zafin Oktoba, sai kuma baɗi. In zai saya, ya taya da wannan a ransa, domin mai shago ma ba ya son kayan su kwana masa har wata bazarar.

Inda ta yi wa kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki ta AC, fintinƙau shi ne cin wuta. Matsakaiciya tana jan wat 80 zuwa 200. Kilim mai doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000. A awa goma, mai wat 150 ta ci kilowat ɗaya da rabi ke nan, abin da kilim ke cinyewa cikin awa ɗaya da ƴan mintoci. Ga wanda ke zaune a gidan haya mai jerin ɗakuna, inda ake raba takardar kuɗin wuta ta kamfanin NIGELEC tsakanin maƙwabta, wannan bambanci shi ne tsakanin zaman lafiya da rigimar ƙarshen wata. Kuma kwantar, wato mitar wuta, mai amfiya 5 ba ta ɗaukar abin da ya wuce wat 1,100, ka ga kilim da firigo tare sai ta yanke, alhali imidifikater da firigo da fitilu duk suna shiga.

Ɗauke wuta kuwa, wanda ya fi yawa daidai lokacin da aka fi buƙatarta, akwai mai aiki da bolt 12. Batir mai amfiya 100 yana riƙe da wat 1,200 na awa guda, amma batirin ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya daɗe. Wat 600 ke nan, wato awa goma ga na'ura mai wat 60. Dare guda cur. Masu batir a ciki, waɗanda ake caji, suna da sauƙin ɗauka, sai dai fankarsu ƙarama ce, kuma batirin shi ke fara mutuwa. A tambayi mai shago ko ana samun madadinsa kafin a biya.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda ke sa mutane su ce na'urar ƙarya ce, shi ne rufe ɗaki. Ba kilim ba ce. In aka rufe ƙofa da taga, cikin rabin awa iskar ɗakin ta ƙoshi da ruwa, sanyi ya tsaya, sai tururi. Dole bayanta ya kasance a bakin taga ko ƙofa tana shaƙar iskar waje, a kuma buɗe wata kafa a ɗaya gefen inda iskar za ta fita. A nan ne maganar ta koma kan gida.

Ƙarshen bazara lokacin tashi ne a Yamai. Waɗanda ruwa ya taɓa ci a Saga, Lamorde, Kirkisoye ko Karaje ba su manta Satumbar 2020 ba, lokacin da ruwan kogin Isa ya kai tsayin santimita 700, kuma da yawa suna neman tudu kafin hadari. Masu gida kuma suna gaggawar shafa fenti su sa ɗan haya. Dillali zai so ya kai ka da sassafe ko bayan la'asar. Ka nemi zuwa tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana. Ka tsaya tsakiyar ɗaki ka ɗaga hannu sama. In rufin kwano ne ba silin, za ka ji zafin yana sauko maka kamar daga murhu, kuma babu imidifikater da za ta ci wannan. Iskarta za ta yi sanyi a fuskarka, bayanka yana gasuwa. Ka dafa bangon yamma. Bulon siminti yana shan rana har magariba, ya yi ta amayar da zafin har tsakar dare. Sannan ka ƙirga tagogi. Shiga-da-kwana mai taga ɗaya a gefe guda da ƙofa, wanda bayansa ke manne da katangar maƙwabci, shi ne ɗakin da na'urar ta fi kasawa a ciki. Mai taga biyu da ke kallon juna, ko da ya fi tsada kaɗan, shi ya fi.

Sai ruwa. Babba tana shan lita 4 zuwa 6 a awa a busasshen zafi, wato bido biyu na lita 25 a dare guda. A unguwannin da ke nesa ko kan tudu, inda famfo ke rauni a bazara har sai tsakar dare yake zuwa, wannan ruwa daga hannun ƴan garuwa zai fito, kuma kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafin haya tun farko. Ka buɗe famfon gidan da kanka da rana tsaka, ka kuma tambayi matan gidan, ba dillali ba. Tankin da bai kai lita 40 ba zai ƙafe kafin asuba. Famfon cikin na'urar kuwa in ya yi ta juyawa ba ruwa ƙonewa yake, kuma shi ne abin da aka fi kai wa masu gyara. A zaɓi wadda ke kashe famfo da kanta in ruwa ya yi ƙasa.

A shago, a duba kaurin kwali: santimita 5 ya yi kaɗan, 7 zuwa 10 shi ne daidai, kuma mai kwali a gefe uku ta fi mai baya kawai. A sa ruwa a kunna a gabanka, a jira minti biyar, a buɗe baya a ga ko kwalin ya jiƙe ko'ina. Busasshen layi yana nufin ramin tiyo ya toshe ko na'urar ta karkace. Kwalaben ƙanƙarar da ake haɗawa da ita ba su da wani tasiri da ya wuce ƴan mintoci, kada a ƙara ko dala saboda su. Ƴan ƙananan nan na kan tebur, masu tankin lita ɗaya, ba za su sanyaya ɗaki ba.

Babbar ta ƙarfe da ake kafawa a taga ta fi kowace ƙarfi, ita ce ta falo, amma tana tsatsa, kuma ɗan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce kafin a yanka ƙarfen taga, in ba haka ba kuɗin ajiyarsa ne zai tafi ranar tashi. Kada a kafa ta a gabas, domin daga can hadari ke tasowa da guguwar ƙura, kuma kwali jiƙaƙƙe in ya sha ƙura laka yake zama. Da an ga gabas ta yi ja, a kashe, a rufe bayanta.

Ruwan tanki a zubar da shi duk kwana uku, a wanke da ɗan ruwan jabel, saboda wari da sauro. In ruwan rijiyar burtsatse ake zubawa, farin gishiri zai daskare a kwalin. A jiƙa shi cikin ruwa da binegar, kashi huɗu da ɗaya, na awa guda, a ɗauraye a hankali ba tare da murzawa ba. Ranar da za a ajiye ta, a tsiyaye tanki, a bar fanka ita kaɗai tana juyawa awa biyu har kwalin ya bushe ƙayau, sannan a lulluɓe ta a ɗora kan bulo, nesa da inda ruwa ke kwanciya.