Me ya kamata ka saya idan kana son ɗaukar hoton taurari a ƙauye?

Mutumin Gwaram ko Doguwa yana da abin da mazaunin birnin Kano ba shi da shi ko nawa zai kashe, wato duhun dare. Fitilun gari ke kashe hoton taurari, mu kuwa sararinmu tas yake, musamman daga Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko. Saura kayan aiki, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu.

Ka guji ƙaramin madubin hangen nesan nan da ake rubuta wa "675x" a jikin kwali, wato wai yana kusanto da abu ninki 675. Girman bakin madubi shi ke yanke iyakarsa, kuma ƙa'idar ita ce kamar ninki biyu a kan kowace milimita. Mai bakin milimita 60 ba zai ba ka hoto mai kyau fiye da ninki 120 ba. Ƙafafunsa ma ko iska ta kaɗa sai sun girgiza.

Wayar da ke da tsarin ɗaukar dare, in ka kafa ta a kan mariƙi mai ƙafa uku, za ta kamo Kaza da 'Ya'yanta da Zara kusa da jinjirin wata. Iyakarta ke nan, amma ta isa ka gane ko kana da haƙurin abin.

Ni dai inda nake tura mai farawa shi ne kyamara ta hannu, irin Canon 600D ko Nikon D5300, da gilashinta mai zuƙowa na milimita 18-55. Kafin ka biya, ka sa a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska tocila cikin gilashin ko akwai fumfuna. Matsalarta ɗaya ce: duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ka bar idon kyamara a buɗe fiye da daƙiƙa 15 zuwa 20 alhali gilashin na kan milimita 18, taurari za su fara jan wutsiya. Maganin wannan shi ne na'urar da ke bin taurari a hankali, kamar Sky-Watcher Star Adventurer, wadda batura huɗu ƙanana ke tuƙawa. Sai dai ana saita ta ne da tauraron arewa, shi kuma a wajenmu kamar digiri 11 zuwa 12 kacal yake sama da ƙasa. Darbejiya ɗaya ko ƙurar hunturu ta isa ta ɓoye maka shi. Ka nemi fili buɗaɗɗe ta arewa tun kafin ka sayi na'urar.

Babban madubin hangen nesa da ake kira Dobsonian, mai bakin inci 6 ko 8, sarki ne wajen kallo da ido: ramukan wata, zoben duniyar Satan (Saturn), da manyan watanni huɗu na duniyar Jufita. Za ka iya manna waya a bakinsa ka ɗauki wata. Amma ba ya bin taurari, ga nauyi, ba kayan ɗorawa a babur ba ne.

Mai hali kuma ya duba ZWO Seestar S50, madubin hangen nesa mai haɗe da kyamara, wanda ya fito a 2023 a kan dala 499. Bakinsa milimita 50 ne, da waya ake sarrafa shi, shi yake nemo abin da ka zaɓa ya yi ta tara hotuna har su fito. Batirinsa na kaiwa kamar awa shida, kuma fawa banki na ƙara masa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta sai ta sola. Rauninsa shi ne duniyoyi irin su Satan ƙanana suke fitowa, sannan in ya lalace sai an tura shi waje.

Ko me ka zaɓa, ka haɗa da robar hura iska da jaka mai rufuwa, domin goge ƙurar hunturu da bakin riga karce gilashi yake yi. Kuma kafin ka kafa ƙafa uku a bayan gari da tsakar dare, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri.