Sifirin da Shokozoba na Old Man Emu a Ƙarƙashin Hilux: Abin da Na Gani Bayan Damina Biyu

Motata Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, ƙirar 2012, kuma aikinta shi ne jigilar taki da iri da buhunan amfanin gona tsakanin Kano da gonarmu da ke wajen Gumel, wani lokaci har kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kwalta takan raka ni mafi yawan tafiyar, amma ragowar hanyar burji ce da yashi, wadda ruwan Agusta ke zaizayewa ya bar ta da kwazazzabai da gargada. Bayan shekaru fiye da goma na irin wannan wahala, bayan motar ya zauna, ta yadda buhu shida kacal sukan sa ƙarfen taya ya riƙa dukan robar da ke tare shi, gaba kuma ya riƙa lilo sau uku ko huɗu duk lokacin da na haye tudun rage gudu. Ban ga laifin kayan da motar ta zo da su ba, domin sun yi iyakar abin da ƙarfe zai iya yi. Abin da ya rage shi ne in zaɓa tsakanin kayan gwanjo na Kofar Ruwa, da sababbi irin na asali, da kuma kayan da aka ƙera musamman domin lodi da muguwar hanya. Na ukun na zaɓa, wato kayan Old Man Emu, kuma damina biyu ke nan suna ƙarƙashin motar.

Old Man Emu suna ne na kamfanin ARB na ƙasar Ostareliya, wanda aka kafa a Melbourne a 1975, kuma ya yi fice wajen ƙera kayan motocin shiga daji. Dalilin da ya ja hankalina shi ne yanayin ƙasar da aka gwada kayan a cikinta, domin tsakiyar Ostareliya wuri ne na zafi da jar ƙura da dogayen hanyoyin burji masu gargada, abin da duk direban da ya saba da arewacin Jigawa zai gane. Abin da na saya ya ƙunshi naɗaɗɗen sifirin guda biyu na gaba, da sifirin mai falle-falle guda biyu na baya, da shokozoba huɗu samfurin Nitrocharger Sport, da bushin-bushin, wato robobin da ke zama a mahaɗar ƙarafa, da ƙarafan da ke ɗaure sifirin baya a jikin ƙarfen taya, da kuma marataya sifirin masu bakin zuba giris.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ƙafafun wannan mota suke kafin ya fahimci sauran bayanin. Tun daga samfurin da ya fito a wajajen 2005, Hilux mai jan taya huɗu ta daina amfani da sandar ƙarfe mai murɗawa a gaba, ta koma naɗaɗɗen sifirin wanda shokozoba ke zaune a tsakiyarsa, baya kuma aka bar shi da falle-fallen da aka saba da su. Sifirin shi ne ke ɗauke da nauyin mota, kuma shi ke yanke tsayinta daga ƙasa. Shokozoba ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa shi ne kashe lilon sifirin ta hanyar tilasta wa man da ke cikinsa wucewa ta ƙananan ƙofofi, iskar naitirojin da aka cusa masa kuma ta hana man yin kumfa idan ya ɗau zafi. Na sha ganin mutane sun sayi sabon shokozoba suna sa ran motar da ta zauna za ta miƙe, su koma suna zargin mai shago, alhali kuwa sifirin ne ya gaji.

Babban abin da na yaba wa waɗannan kaya shi ne ba a sayar da su a matsayin riga ɗaya mai shiga kowa. Sifirin gaba yana zuwa ne bisa nauyin da ke gaban motar, akwai na motar da ba a ƙara mata komai ba, akwai na wadda aka sa wa bambar ƙarfe da na'urar jan mota. Na baya kuma akwai na matsakaicin lodi, da na motar da kullum take ɗauke da kilo 300, da na mai ɗauke da kilo 600. Ni na ɗauki na kilo 300, domin ko ba buhu a motar, akwai akwatin kayan aiki da safayar taya biyu da jarkokin mai. A nan ne mai saye zai yi wa kansa adalci. Ƙarfen da aka yi domin ya lanƙwasa a ƙarƙashin kilo 600 ba zai yi laushi ba idan motar ba kaya, don haka wanda ke zirga-zirga daga gida zuwa ofis ya sayi mafi ƙarfi saboda burgewa, ƙugunsa ne zai biya kuɗin a kowane rami.

Ranar da aka ɗaura kayan, motar ta tashi da kusan milimita 45, kuma bambancin ya bayyana tun daga tudun rage gudu na farko, inda gaba ya nutse sau ɗaya ya dawo ya tsaya cak. Da buhu shida a baya, motar takan zauna daidai, ba ta ɗaga hanci sama, fitila ba ta haska rassan bishiya, sitiyari kuma bai yi sakwaf a hannu ba. A kan gargada ne na fi jin daɗinsu, domin da can bayan rabin sa'a shokozoba sukan yi zafi motar ta fara rawa gefe da gefe, yanzu kuwa yadda ta fara tafiyar haka take gama ta. Idan babu kaya ana jin hanya a baya fiye da da, wannan kuwa ɗabi'ar duk wani sifirin lodi ce, kuma na san da ita kafin in biya kuɗi.

Sai dai kwana goma da ɗaurawar, gaban motar ta ɓangaren direba ya fara wata ƙara. Da safe takan yi ƙiiƙii kamar tsohuwar ƙofar langalanga idan ina fita daga gida, in kuma taya ɗaya ta hau tudu a karkace sai in ji ƙwas, kamar an karya kara. Na koma garejin da aka yi aikin, yaron da ke wurin ya ɗebo baƙin mai ya watsa wa sifirin, ya ce, "Alhaji, sabo ne, zai zauna." Ƙarar ta ɗauke kwana biyu, ta dawo fiye da da, domin lokacin hunturu ne, man ya kama ƙura ya zama laka mai gurzar ƙarfe. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa, kuma ina roƙon duk mai mota kada ya yarda da shi, saboda man inji da giris na yau da kullum suna kumbura robar asali su ruɓar da ita. Idan har za a fesa wa roba wani abu, to a nemi feshin silikon.

Wani dattijon bakanike ne, wanda ya daɗe yana gyaran motocin ma'aikatan raya karkara, ya gano matsalar, kuma yadda ya bi ta ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla. Bai taɓa sifirin da farko ba. Ya kwance 'yan sandunan da ke haɗa ƙarfen hana mota kwanciya a kwana da ƙafar mota, ya ɗaure su gefe, ya ce mu zaga, domin a cewarsa yawancin ƙarar da ake ɗora wa sifirin daga nan take fitowa. Ƙarar ba ta tafi ba. Ya sa ƙarfe ya gwada boljoyin, wato gaɓar da ƙafar gaba ke juyawa a kanta, da bushin hannuwan ƙafa, ya same su lafiya. Sai a lokacin ya ciro shokozoba da sifirinsa gaba ɗaya, ya aza a kan tebur, ya nuna mini abubuwa uku.

Na farko, ƙarshen sifirin na ƙasa yana da gurbi a jikin farantin da yake zama a kai, wani ɗan mataki da bakin ƙarfen zai tokara da shi. Wanda ya ɗaura bai juya sifirin ya kai wannan gurbi ba, ya bar tazarar da ta kai faɗin yatsu biyu, saboda haka duk sanda nauyi ya sauka, sifirin yakan ɗan juya ya zame, wannan ne ƙwas ɗin da nake ji. Na biyu, robar da ke zama tsakanin saman sifirin da farantin sama ita ce tsohuwar da motar ta zo da ita, an mayar da ita duk da ta lallatse ta tsage, har ƙarfe ya fara taɓa ƙarfe. Na uku kuwa ya fi su muni, domin an ɗaure notin ƙasan shokozoba tamau tun motar tana rataye a kan jak, ƙafafu suna reto. Bushin roba ba ya juyawa a kan kusarsa, murɗewa yake yi, don haka idan aka ɗaure shi mota na sama, da zarar an sauke ta ya riga ya murɗe, kuma haka zai zauna yana kuka har ya yage. "Alhaji, noti irin wannan sai mota ta tsaya da ƙafafunta ake gama ɗaure shi," in ji shi. Na ce, "Baba, ai da nan na fara zuwa da ban sha wannan wahala ba."

Gyaran bai ci kuɗin a-zo-a-gani ba. An wanke sifirin da ruwa da sabulu, an shafe ɗan wurin da fenti ya goge domin kada tsatsa ta samu wurin kamawa, tunda daga irin wannan tabo ne sifirin ke fara tsagewa. An sa sabuwar roba a sama, an juya sifirin ya zauna a gurbinsa, sannan dattijon ya zura guntun tiyo mai kauri a zagayen ƙarshe na ƙasa, inda zagaye biyu ke kusantar juna har yashi ya maƙale a tsakaninsu. Ya yi wa ɗaya ɓangaren ma haka. Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne da na'urar matse sifirin ta gaskiya ya yi aikin, bai yarda da dabarar ɗaure shi da waya ko igiya ba, domin sifirin gaban a-kori-kura idan ya kuɓuce a matse yana iya karya hannu ko ya yi kisa. Tun daga ranar ban sake jin ƙiiƙii ko ƙwas ba, kuma na tabbatar cewa ƙarar ba daga kayan take ba, daga hannun da ya ɗaura su take.

Akwai ƙananan ayyuka da ke biyo bayan ɗaga mota waɗanda bai kamata a tsallake ba. Dole a sake saita tayoyin gaba, in ba haka ba gefe ɗaya zai cinye cikin 'yan watanni. A sake ɗaure ƙarafan sifirin baya bayan tafiyar kilomita 500 ko makamancin haka, domin falle-fallen sukan zauna su bar sako-sako. A duba saitin fitila. Motocin da ke da bawul mai auna lodi a birkin baya, shi ma sai an daidaita shi, saboda idan baya ya tashi yakan ɗauka motar ba kaya, ya rage ƙarfin birkin baya a daidai lokacin da ake bukatarsa. Game da tsayi kuma, ina ganin hikima ce da kamfanin ya tsaya a wajajen milimita 40 zuwa 50. Masu cusa zoben ƙarfe a saman shokozoba domin mota ta yi tsayin raƙumi suna karkatar da shaf ɗin gaba, wato sandar da ke juya tayar gaba, da boljoyin sama fiye da kima, robar shaf ta yage, yashi ya shiga.

Wani abu da nake jin nauyin faɗarsa, saboda na ga abin da ganganci ke haifarwa a hanyar Gumel, shi ne sabon sifirin ba ya mayar da Hilux tirela. Lodin da aka ƙayyade mata, haɗe da mutanen da ke ciki, bai cika wuce tan ɗaya ba, kuma birki da tayoyi da ƙarfen taya da shasi duk suna nan yadda suke. Haɗarin ma ya fi yawa bayan an canza kaya, domin motar ba ta ƙara nuna gajiya a ido, sai mutum ya ɗora buhu goma sha biyar yana ganin ta tsaya daidai.

Maganar kuɗi, kayan suna da tsada, sun ninka na gwanjo sau da yawa, kuma da yake shigo da su ake yi, farashinsu yana bin dala. Idan ɗaya ya lalace ba za a shiga Kofar Ruwa ko Panteka a ɗauko shi nan take ba kamar na asali, sai an yi oda an jira, wannan kuma abin dubawa ne ga wanda motarsa ce abincinsa. Akwai kuma jabun kaya masu launin rawaya da ake sayarwa da sunan manyan kamfanoni, saboda haka a nemi lambar kaya a jikin kowane ƙarfe, a gwada ta da wadda ke shafin kamfanin a intanet, a kuma karɓi rasit. Wanda motarsa ba ta barin kwaltar cikin gari, sababbin kayan asali na Toyota sun ishe shi, kuma zai fi jin laushinsu. Amma manomi, da ɗan kwangila, da mai kai magani ko kayan agaji ƙauyuka, waɗanda lodi da burji suka zame musu abin yau da gobe, ina ba su shawarar waɗannan kaya ba tare da shakka ba, da sharaɗin su sayi sababbin robobin saman sifirin tare da su, su kuma tsaya a wurin ranar ɗaurawa.

Yanzu duk bayan kilomita 5,000, lokacin juyen mai, nakan sa a zuba giris a marataya sifirin baya, a wanke yashin da ya taru a farantin sifirin gaba, a leƙa tiyon nan ko ya goce. A dubawar da aka yi bayan kaka, shokozoba huɗun duka a bushe suke babu alamar yoyo, tsayin motar kuma, da na auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, bai ragu da abin da ya wuce milimita biyar ba daga yadda na rubuta shi a makon farko.